Hanyar Kanwa da Gishiri: Ayarin Fatake Daga Garuruwan Ma'adinai Zuwa Fadamar Haɗeja

Kafin jirgin ƙasa da mota su iso Arewa, ma'adinan da suka fi yawo tsakanin Borno da ƙasar Hausa su ne kanwa da gishiri. Ana samun su a bakin hamada, a wuraren da ruwan sama ya yi ƙaranci, noma bai ciyar da mutane, sannan a ɗora su a kan raƙuma da takarkarai da jakuna a nufo kudu da yamma. Ƙasar Haɗeja ta faɗo a tsakanin waɗannan garuruwa na ma'adinai da babbar kasuwar Kano. Tana da kogi da fadama, tana da hatsi da kifi da kiwo, wato abubuwan da masu haƙar kanwa ba su da su. Wannan musaya ta ma'adini da abinci ita ce ginshiƙin fataucin da ya ratsa yankin shekaru aru-aru.

Yanayin ƙasar

Ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, ta yashi da laka, a yammacin kwarin Tafkin Chadi. Duwatsun da ake gani a Dutse da Birnin Kudu da Kazaure suna nutsewa ƙarƙashin ƙasa tun kafin a iso ta, shi ya sa ba a haƙar duwatsu masu daraja a nan kamar yadda ake yi a Filato da Nasarawa da kudancin Kaduna. Arzikinta ruwa ne. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim, ya iso Haɗeja. Daga nan sai ya rarrabu tsakanin jigayin yashi: wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa. A wajen Gashuwa ruwan ya gamu da na Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi.

Ambaliya takan kai ƙololuwa a watannin Agusta da Satumba, ta malale fadamu, sannan ta fara janyewa da shigowar hunturu. A kan wannan shiga da fita ta ruwa ne Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa da Gizimawa da Barebari suka gina sana'o'insu: shinkafa a fadama, gero da wake a jigawa, su a tafkuna, kiwo a inda ruwa ya janye ya bar ɗanyar ciyawa.

Garuruwan ma'adinai

Wurare uku ne suka fi ciyar da wannan hanya da kaya. Mafi kusa da Haɗeja shi ne ƙasar Manga, wato Muniyo da Mangari, waɗanda yau suke cikin Jamhuriyar Nijar a kewayen Gure da Maine-Sorowa, tare da gefensu na Najeriya a arewacin Jihar Yobe. A nan akwai ɗaruruwan kwaruruka a tsakanin tuddan yashi. Da damina ruwa yakan taru a cikinsu, da rani ya ƙafe ya bar farin ɓawo a kan ƙasa. Inda ɓawon na kanwa ne, ana kankare shi a tara, a ware jar kanwa daban, farar kanwa daban, garin kanwa daban. Inda ƙasar ta fi gishiri, ana tace ta da ruwa a cikin manyan matatai na ciyawa, a zuba ruwan a ƙananan tukwanen yumɓu da aka jera a kan murhu, a yi ta hura wuta ana ƙara ruwan har gishirin ya daskare, sannan a fasa tukunyar a ciro shi a dunƙule. Wannan shi ne mangul. Daga wasu kwarurukan ake samun gwangwarasa, wadda majema ke nema. Aikin na rani ne: manoma sukan bar ƙauyukansu bayan girbi su kafa bukkoki a bakin kwari, su yi watanni suna aiki, masu sarautar wurin su karɓi kasonsu, da faɗuwar ruwan farko kowa ya koma gona.

Wuri na biyu shi ne gaɓar gabas ta Tafkin Chadi, a ƙasar Kanem, inda ake fasa ungurnu fale-fale daga ƙarƙashin laka. Buduma, mutanen tsibiran tafkin, su ke ƙetaro da ita a jiragensu zuwa gaɓar Borno, daga nan ta shiga hannun 'yan kasuwar Kukawa. Ungurnu ta fi sauran kanwa tsabta da tauri, ta fi su tsada, kuma ta fi jure doguwar tafiya.

Wuri na uku, mafi nisa, shi ne Kawar a tsakiyar Sahara, inda garin Bilma yake, tare da Fachi da ke yammacinsa. A nan ana haƙa ramuka har a tarar da ruwan gishiri, rana ta ƙone shi, a kwashe abin da ya kwanta. Tsantsar gishirin ci shi ake kira beza. Wanda aka cakuɗa da ƙasa aka zuba a mazubin kututturen dabino shi ne kantu, dogon curi mai nauyin kimanin kilo 20, wanda aka fi ba dabbobi. Ban da dabino, kusan babu abin da ƙasar Kawar ke nomawa, don haka rayuwar mazaunanta ta rataya ne a kan geron da ayari ke kawowa.

Abin da ya sa kanwa ta yi kasuwa

Kanwa haɗin sinadaran sodiyam kabonet da bakabonet ne, tare da gishiri da ƙasa gwargwadon inda aka samo ta. Buƙatarta ta game kowane gida. Da ita ake sa wake ya nuna da wuri, da ita miyar kuka da ta kuɓewa ke yin yauƙi, da ita ake kashe tsamin yakuwa. Ana dama kunun kanwa don mai jego. Ana haɗa ta da garin taba, ana sa ta a magungunan ciwon ciki, masu sabulu da majema suna amfani da ita. Amma mafi yawanta cikin dabbobi take tafiya. Makiyayi yakan ba shanunsa kanwa a kai a kai, haka ma mai doki, kuma masarauta irin Haɗeja, wadda ƙarfinta na yaƙi ya dogara ga barade, ba ta rabuwa da buƙatar kanwa a bargojinta.

Kasuwar ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. Daga Kano kanwa takan wuce Zariya da Nufe da Ilori, wata kuma ta bi hanyar Gwanja har Salaga a arewacin Ghana ta yau, inda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke sayar da ita su sayo goro. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, ya ƙiyasta cewa kayan kanwa da ke ratsa birnin a shekara ba su gaza 20,000 ba, na takarkarai da jakuna da dawakan kaya.

Tsarin ayari

Ba a fita wannan tafiya a ɗaiɗaiku. Fatake sukan taru su yi ayari domin tsaro da sauƙin biyan haraji. Shugaban ayari shi ne madugu, wanda Hausawa ke yi wa kirari da uban tafiya. Shi ke tsayar da ranar tashi bayan ya shawarci malamai, shi ke zaɓen hanya, shi ke daidaitawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana kula da tattara kuɗin gaisuwa da na fito daga 'yan ayari gwargwadon kayan kowa. Akwai malamin ayari mai jan salla da riƙe lissafi, akwai makaɗa masu sanar da tashi, akwai mata masu dafa abinci, waɗanda su ma sukan riƙe ƙaramin jarinsu. Mafi wahalar aikin, wato ɗaurin kaya da kora dabbobi da ɗebo ruwa, barori da bayi ne ke yin sa, domin bauta tana cikin ƙashin bayan wannan fatauci har farkon ƙarni na 20.

Ana tashi da asuba, a yi tafiya har rana ta take, sannan a sauka a zango a bayan gari kusa da rijiya ko tafki. A sauke mangaloli da tayaka, a jera su kamar katanga a kewaye dabbobi, a sa masu gadi. Kowace dabba da inda ta fi amfani: raƙumi a yashi da inda ruwa ya yi nisa, takarkari a ƙasar Manga da Borno, jaki a ƙasar Hausa. Saboda haka kaya sukan sauya baya a garuruwan kan iyaka, kuma waɗannan garuruwa su ne suka zama manyan kasuwanni.

Ayarin gishirin Bilma tsarinsa daban ne. Azbinawa ne ke riƙe da shi, musamman Kel Ewey. Sukan tashi daga duwatsun Azbin wajen Oktoba, su ƙetare hamadar Tenere da dubban raƙuma ɗauke da gero da harawa, su sauka Fachi da Bilma, su juyo da kantu da beza da dabino. Bayan ɗan hutu su gangaro ta Damargu da Damagaram, su iso ƙasar Kano a tsakiyar rani. Raƙumansu sukan yi kiwo a gonakin da aka girbe su bar taki, kafin damina kuma su koma arewa da hatsi da baƙaƙen tufafin Kura.

Daga Manga zuwa Kano

Hanyoyin da suka haɗa Borno da Kano sun kasu. Ta arewa takan taso daga Muniyo ko Kukawa ta bi Nguru, mazaunin Galadiman Borno, ta wuce Machina zuwa Gumel. Ta tsakiya takan bi gefen fadama ta ƙasar Birniwa zuwa Haɗeja, sannan ta bi tudun kogi zuwa Ringim. Ta kudu takan ratsa Katagum, kuma ita Bature Hugh Clapperton ya bi a watan Janairun 1824. Zaɓen hanya ya danganta ga abu biyu: ruwa da zaman lafiya. Da kaka, lokacin da fadama ke cike, raƙumi ba ya iya taka laka, sai a kewaya ta jigawa. Daga tsakiyar hunturu zuwa bazara kuwa, hanyar kogi ta fi daɗi, domin akwai ruwan sha da ciyawa da abinci mai araha a kowane zango.

Gumel ita ce babbar matattarar kanwa a tsakiyar ƙarni na 19. Barth, wanda ya sauka can a watan Maris na 1851, ya bayyana cewa Barebari ba safai suke wuce garin da kayansu ba. A nan suke sayar wa fataken Hausa, su kuma su wuce da ita har Nufe. Dalilin a fili yake: Gumel tana ƙarƙashin Borno, gaba da ita kuwa ƙasar Daular Sakkwato ce.

Haɗeja tana ɗaya gefen wannan iyaka, a matsayin masarautar gabas ta daular. Abin da ayari ke samu a kasuwanninta shi ne hatsi da shinkafa, bandar kifi, fatu da ƙiraga, sawaye da auduga, da tabarmi da igiyoyin kaba na goruba, waɗanda da su ake ƙunshe kanwar kanta. Baƙon falke yakan sauka a gidan fatoma, wanda ke ba shi masauki da ma'ajiya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a yi bashi, ya karɓi la'adarsa. Ana ciniki da wuri, a manyan cinikayya kuma da azurfar Mariya Tareza, a gefen Borno da ƙyallen saƙi da ake kira gabaga. A mashigan kogi masu fito suna ƙetarar da mutane da kaya a kan gora da kwale-kwale, dabbobi su bi da iyo. Sarauta tana samun rabonta ta kuɗin fito da gaisuwar madugai da harajin kasuwa.

Ƙasar Haɗeja ma tana da 'yar kanwarta. A gefen wasu tafkunan fadama, da rani, ƙasa takan yi fari, mata su share su tara su kai kasuwa. Ba ta kai ta Manga yawa ba, amma tana cikin abubuwan da ƙauyukan fadama ke samun kuɗi da su, tare da kaba da itacen wuta.

Duwatsun ado a cikin kaya

Kanwa da gishiri kaya ne masu nauyi da ƙaramar riba a kan kowane curi. Falke mai wayo yakan haɗa da abin da ba shi da nauyi amma yana da tsada, kuma a nan ne duwatsun ado suka shigo. Tsakiya, jan dutsen da mata ke ratayawa, asalin mafi yawanta daga Kambay ne a Gujarat ta ƙasar Indiya. Takan biyo ta Makka da Masar a hannun alhazai da Larabawan fatake, ta ratso Borno zuwa Kano. A ƙarni na 19 masu sassaƙar dutse na Idar-Oberstein a Jamus sun shiga wannan kasuwa da dutsen da suke sayowa daga Brazil, suna kwaikwayon fasalin da mutanen Sahara da Sudan ke so. Murjani yana zuwa daga Bahar Rum ta Tarabulus. Daga yamma kuma fataken Hausa suna ɗauko jan dutsen lantana daga Kirtashi a bakin Kogin Kwara, kudu da Yamai, su kai Ilori inda ake huda shi a goge. Irin waɗannan duwatsu suna shiga kayan aure, kuma mace takan riƙe su a matsayin ajiyar da za ta iya sayarwa ranar buƙata.

  

Siyasa da tsaron hanya

Jihadin ƙarni na 19 ya sauya taswirar yankin. Birnin Gazargamu ya faɗi a 1808, cibiyar Borno ta koma Kukawa, wadda Shehu al-Kanemi ya kafa a 1814. A daidai wannan zamani Sambo ya kafa mulkin Fulani a Haɗeja, tsofaffin garuruwa irin su Auyo da Garun Gabas suka koma ƙarƙashinta. Ɗansa Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, ya karya rundunar da aka turo masa a Kafur, ya yi shekaru yana kai hari gabashin Kano da maƙwabta, har ya rasu a 1863 a yaƙin Gogaram da Badawa. A zamaninsa hanyar tsakiya ta zama mai haɗari. Da Barth ya sake bi ta yankin a 1854 ya tarar da garuruwa da dama sun zama kufai, Gumel kanta ta yi baya sakamakon rikicin sarauta da yaƙe-yaƙe. Duk lokacin da haka ta faru, madugai sukan karkata zuwa Damagaram ko Katagum, kasuwannin da aka kauce wa su mutu.

A 1893 Rabeh ya ci Borno ya rushe Kukawa, a shekarar da basasar Kano ta ɓarke, sai fatauci tsakanin ƙasashen biyu ya kusa tsayawa. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sannan a ranar 25 ga Afrilun 1906 suka afka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan fadawansa da dama. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar mafi yawan kwarurukan Manga da Bilma a hannun Faransa, kasuwanninsu kuma a hannun Ingila.

Jirgin ƙasa da mota

Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshensa kuma ya kai Nguru a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Bai shiga garin Haɗeja ba, don haka Malam Madori ta zama tasharta, kamfanonin sayen gyaɗa da fatu suka kafa kantuna a can. Ayari bai mutu nan take ba, gajarta ya yi: raƙuma da takarkarai suka koma sauke kanwa a Nguru, jirgi ya kwasa zuwa Kano da kudu. Gishirin Turai mai araha ya ƙwace kasuwar gishirin ci, amma bai maye gurbin kanwa ba, tunda aikinsu ba ɗaya ba ne. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya hallaka raƙuma masu yawa a Azbin da Manga, manyan motoci suka karɓi abin da ya rage na doguwar tafiya.

Ita ma fadamar ta sauya. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar shekara-shekara, sun kuma sa ruwa yana gudana har da rani. Wannan ya ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin ruwa, wasu ƙauyuka suna nutsewa, wasu suna rasa ruwa. An sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, dausayin Baturiya kuma a 2008.

Hanyar a yau

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas na Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Har yanzu ana haƙar kanwa a kwarurukan Gure da Maine-Sorowa, da dausayin Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari, kuma har yanzu tana shigowa ta Nguru da Gashuwa da Maigatari, inda kasuwar Alhamis ke tara raƙuma da shanu daga Nijar. Buhu ya maye gurbin mangala, direba ya maye gurbin madugu, amma dillali da mai masauki suna nan. Abin da ke komawa arewa ma bai sauya sosai ba: hatsi, shinkafa, busasshen kifi da kayan masarufi.

Abin da ke tsayar da wannan ciniki a yau shi ne abin da ke tsayar da shi a da, wato rashin tsaro da rufe hanya. Rikicin Boko Haram ya durƙusar da kasuwar Baga da zirga-zirgar jirage a Tafkin Chadi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai a watan Maris na 2024. A ɓangaren hamada kuwa, Azbinawa ba su daina zuwa Fachi da Bilma da raƙuma a kowace kaka ba, ko da yake ayarin yanzu bai kai na farkon ƙarni na 20 girma ba.